Tanko Ya Ƙi Tuba

Ya ku 'yan makaranta, ga wani abin al'ajabi da ya same mu. Da hutun damina muka zauna a Tambuwal muka ƙaga labarin wani mai awo, Tanko, wanda kan koro jakinsa daga Kebbe ya zo kasuwa yana tauye mudu. Nufinmu ya tuba gaban alƙali, ku sami darasi.

Ashe Tanko na da nasa nufi. Duk sa'ad da muka gurfanar da shi, sai amsarsa ta rinjayi tambayar alƙali. Sau uku muna yage takarda kafin mu gane dalili. Tun shafin farko mun ɗora masa bashi da 'ya'ya biyar da taurin kai, ga shi kuwa hali zanen dutse ne. Da mun tilasta masa, da kun gane ƙarya muke yi.

Dubi Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Dokta East ya shirya a 1933. Alhaji Imam ne mai labarin, amma wa ke manta Malam Zurƙe?

Sai muka sakar wa Tanko linzami. Bai tuba ba sai ran da 'yarsa ta sayo gero, ya auna ya ga an tauye mata.

To, in kun ɗauki alƙalami, ku ba mutumin labarinku hali, sa'an nan ku saurare shi.