Hannu yana ji, ma'auni yana faɗi



Kowace uwa ta san taɓa yaro. Ni ma haka na tashi na gani: a ɗora bayan hannu bisa goshi ko bisa ciki. Dabara ce mai kyau, kada a bar ta. Amma hannu yana ruɗi. Matar da ta taso daga murhu, hannunta da zafi, sai ta ji yaro lafiya lau. Wani yaro kuma ƙafafunsa sanyi ƙalau, alhali masassara tana cin shi.

Shi ya sa nake ajiye ma'aunin zafin jiki a gidana. Ana samun shi inda ake sayar da magani. Tun da ka iya karanta lamba, aikin ba zai gagare ka ba.

Ga yadda ake yi. Ka share hammatar yaro ta bushe. Ka sa bakin ma'aunin tsakiyar hammata, ya taɓa fata. Ka manne hannun yaron da jikinsa. In mai batir ne, ka jira ya yi kuka, lamba ta fito. In na gilashi ne, ka kaɗa shi tukuna ya sauka ƙasa da 35, ka bar shi minti 5. Ka yi hankali da shi: farin ruwan da ke cikinsa guba ne. Kada ka sa wa ƙaramin yaro shi a baki, yana iya cizo ya fasa. Awo ta dubura ya fi daidai, amma ka bar wa ma'aikatan likita. Wanda ake haskawa a goshi, rana da zufa suna ɓata awonsa.

Zafin jikin mai lafiya wajen 37 ne. A hammata, 37 da rabi masassara ce. Ma'auni bai faɗin cutar da ta kawo ta. A likita ne ake tsaga yatsa a gane ko ta cizon sauro ce.

Jinjirin da bai kai wata 3 ba, in jikinsa ya yi zafi, ka kai shi ran nan. Haka yaron da ya ƙi nono, ko yake amai da duk abin da ya sha, ko yake zabura, ko wuyansa ya sanƙare. Waɗannan ba su jiran safiya, ba su jiran ma'auni.

Ka rubuta lambar da lokacin da ka auna, ka tafi da takardar. Allah ya raya mana su.