Mun Gaji Da Neman Labuje

Duk wanda ya saba zama kusa da mu a taron ƙungiya na wata-wata ya san ba a raba mu da goro. Wasu 'yan uwa marubuta shayi ne abokin hirarsu in dare ya tsala, wasu kuwa ba sa iya ɗora alƙalami a kan takarda sai rediyo na magana a gefe. Mu dai tun shekarar 1997, lokacin da muka fara kwana a kan tabarma muna cika littattafan rubutu da wani labari da har yau bai ga maɗaba'a ba, ɓarin goro ne ke riƙe mana ido. Masana sun ce sinadarin da ke hana barci a cikin gahawa shi ne a cikin goro. Mu ba mu san wannan ba a lokacin. Abin da muka sani shi ne, in ka tauna ja guda bayan sallar lisha ka kora da ruwan randa, ruwan nan zai yi maka zaƙi kamar an jefa masa sukari, kuma za ka kai ƙarfe biyu ba ka yi hamma ba.

A wurin mutum ɗaya muke saye, wani dattijo da ke zama a gindin darbejiya a bakin masallacin unguwarmu, da faifansa da jiƙaƙƙen algarara a lulluɓe. Kowa Baba mai goro yake ce masa. Ya san bakinmu fiye da yadda muka san shi, domin kafin mu gama gaisawa ya riga ya ɗaga algarara ya zaɓo mana. A watannin da albashi kan yi nawa kuwa, sai ya miƙo ya ce, "Riƙe, Malam, in ta samu ka kawo." Bai taɓa rubutawa ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Haka muka zauna da shi shekara goma sha tara, ba mu taɓa jin goronsa ya gaza da komai ba.

Ciwon ya kama mu ne a wurin wani ɗaurin aure cikin shekarar 2016. Ana rabon goro sai wani tsoho da ke kusa da mu, wanda aka ce kakanninsa fatake ne, ya ɗauki nasa ya jujjuya ya ajiye a gefen tabarma, ya ce, "Ku yaran yanzu itace kuke tauna. Wanda bai ɗanɗani labuje ba ai bai ci goro ba." Ya faɗa ya ci gaba da hirarsa, mu kuwa muka koma gida da maganar a ka.

Halin marubuci ne in ya ji kalmar da bai sani ba ya bi ta har gidansu. Muka shiga tambaya da bincike. Ashe labuje sunan gari ne aka Hausantar, wato Labozhi ta ƙasar Nufe, cikin Jihar Neja ta yanzu, inda aka daɗe ana noman wani goro da ya yi suna, wanda a zamanin da sarakuna da manyan attajirai ne ke samunsa, kuma da shi ake yi wa manya kyauta. Daga nan muka faɗa tarihin fataken Gwanja, yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi ayari guda, madugu da jagaba da ɗaruruwan jakuna, su ɗauki kanwa da tufafi da fatu su nausa har Salaga ta ƙasar Gana ta yanzu, su yi watanni a hanya kafin su komo da huhunan goron kurmin Asante. Suna tafe suna kwance huhu suna sāke ganye, suna tsince wanda ya ɓaci don kada ya shafi sauran. Muka karanta yadda kasuwar Salaga ta fara mutuwa bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, da yadda fatauci ya koma ta teku zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano tun daga 1912. Alhaji Alhassan Ɗantata ma da goro ya fara tara dukiya kafin gyaɗa. Duk wannan ilmi ne mai amfani, ba mu yi nadamar saninsa ba. Abin da muka yi da shi ne abin kunya.

Goron Baba bai canja ba, amma daga ranar sai ya daina yi mana daɗi. In mun ɓara sai mu ji muryar tsohon nan, itace, itace. Muka fara zuwa kasuwar goro ta Mariri ranar Asabar, muna bi rumfa-rumfa muna tambaya. To, mai karatu ya san halin kasuwa. Ranar farko aka ce ba a kawo shi. Da aka lura da irin yadda muke tambayar, sai ya zamana kowane mako akwai wanda ya ajiye mana labuje a ƙarƙashin buhu, ya fiddo a asirce, ya faɗi kuɗin da zai sayi rabin ƙwarya ta goron kowa. Ba mu ga laifinsu ba ƙwarai, mu muka je muna roƙo a yaudare mu. Muka samu abokan cuta su uku, muka riƙa zama muna ɓara goro muna yamutsa fuska, wannan ya ce akwai ƙanshin ƙasa, wancan ya ce ɗacin ya zo a makare. In wani ya miƙo mana goro a wurin suna ko zaman makoki sai mu karɓa mu jefa aljihu, mu bai wa almajiri a hanya.

Cutar nan ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. A watan Nuwamba na 2023 an yi gwanjon kwalba ɗaya tal ta barasar wuski mai suna Macallan, ta shekarar 1926, a birnin Landan, aka saye ta fam miliyan 2 da ɗoriya. Mu da barasa sai dai labari, Allah Ya tsare, amma da muka ji sai muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba, domin mun san zuciyar mai sayen nan sarai. Mawuyaci ne ya buɗe ta. In ya buɗe, fam miliyan 2 ta zama ruwa a kofi, in kuwa bai buɗe ba, kwalba kawai ya saya da takardar da aka manna mata.

Cikin watan Disamba na 2018, lokacin kakar goro, muka ce zuwa da kai ya fi aike. Akwai wasu kuɗi da muka yi shekara biyu muna tarawa don a buga mana labarin nan namu a kwamfuta a kai maɗaba'a. Muka ɗebi fiye da rabi. Mai ɗakinmu ta dube mu ta ce, "Malam, yanzu saboda goro za ka tafi Nufe?" Muka ce mata bincike ne na rubutu. Ba ta ƙara magana ba, ta dai sa mana kaya a jaka. Muka bi ta Kaduna da Suleja, muka ratsa Lambata da Lapai da Agaie, muka isa Bida da dare jiki duk ya yi tsami. Garin maƙeran tagulla da masu narka gilas su yi munduwa, amma ko leƙa su ba mu yi ba. Kwana biyu muna bin wani ɗan jagora, daga wannan zaure zuwa wancan, har aka haɗa mu da wani mutum da ya fito da ƙunshin ganye ya kwance a gabanmu. Goro goma sha biyu, farare, manya, sumul. Ya rantse daga Labozhi suke. Ba mu ƙarasa garin da kanmu ba, kuɗin mota sun ƙare.

Gaskiya ɗaya ce, mun ci guda a mota muna dawowa, kuma yana da daɗi. Yana da ƙarfi a haƙori, ɗacinsa bai da zafi, zaƙin kuma ya daɗe a maƙogwaro. Sai dai ba mu ci shi da kwanciyar rai ba. Kowace tauna lissafi muke yi, saura goma sha ɗaya, kuma wannan ɓarin kaɗai ya kai kuɗin buga shafi kaza. Da muka iso gida muka naɗe sauran a ganyensu, muka sa a gwangwanin madara, muka rufe gam, muka tura can ƙarƙashin akwatin littattafai. Muka ce sai ranar ƙaramar Salla.

Wajen watan Maris Kawunmu ya zo daga ƙauye ganin likita, ya kwana uku a wurinmu. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, kuma a hannunsa muka fara ganin goro. Haƙoransa sun zube, da magogi yake yawo a aljihu, ya goge goron a tafin hannu ya zuba a baki. Daren farko bayan an ci tuwo ya ce, "Ɗana, ba ɗan goro a gidan?" Gwangwanin nan yana bayansa, bai fi kamu uku tsakaninsu ba. Zuciya ta ce ɗauko, wata zuciyar ta ce ai tsoho mai magogi ba zai bambance ba, asara ce. Muka aiki yaro bakin titi ya sayo na ɗan talla, domin a lokacin mun yi wata da watanni muna kewayewa ta bayan masallaci don kada mu haɗa ido da Baba. Kawu ya goge ya ci, ya sa albarka. Ya koma gida, kafin a kama azumi aka aiko mana Allah Ya yi masa rasuwa.

Ranar Salla, farkon watan Yuni na 2019, bayan an sauko daga idi muka janyo gwangwani. Tun kafin a gama buɗe murfin wari ya gaya mana labari. Ganyen ya ruɓe ya yi baƙi, fumfuna ta lulluɓe rabi, sauran kuma ƙwaro ya huda su ya bar gari. Guda biyu kaɗai suka rage da ɗan kamannin goro. Muka zauna muna kallonsu, ba kuɗin ne suka fi ci mana rai ba, tafin hannun Kawu muke gani.

Ba mu san abin da ya kai mu ba, amma da la'asar sai ga mu a gindin darbejiya da goro biyu a hannu. Baba ya amsa sallama kamar jiya muka rabu, ya matsa mana a kan buhu. Bayan barka da Salla ya ce, "Malam, na ga kana bi ta baya. Na yi ta tunani ko bashi ne ya sa, na duba kuma ba ka da ko kwabona." Muka rasa ta cewa, sai muka miƙa masa goron muka ba shi labari tun daga ɗaurin aure har Bida. Bai yi dariya ba, da ya yi ma da ta fi mana sauƙi. Ya sa farce ya ɓara ɗaya, ya yanke inda ya ɓaci, ya gutsura. Ya daɗe yana taunawa sannan ya ce, "Goro ne mai kyau, kai ka kashe shi. Goro numfashi yake yi, ba a toshe shi a manta." Muka ce, to Baba, labuje ne kuwa? Ya ce, "Shekarata arba'in da wani abu a kan faifan nan, ban taɓa ganin goron da ya zo da sunan garinsu a rubuce a jikinsa ba."

A zaman nan ne ya nuna mana abin da muka yi shekara ashirin muna ci ba mu tambaya ba. Daushen da yake ba mu a tsakiyar damina, tun kakar bara yake sayensa. Yana da kwanduna a ɗaka da ya shimfiɗe da ganye, lokaci-lokaci ya zazzage su, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya, wanda sankara ta taɓa ya fitar, wanda ya fara tsiro ya ƙwaƙule, ya sāke sabon ganye, ya yayyafa ruwa daidai gwargwado, in ya yi yawa ya ruɓe, in ya yi kaɗan ya bushe. Wato aikin da muka karanta fataken Gwanja na yi a zango, muna ta mamaki, shi ake yi a bayan gidanmu tun muna samari. Daɗin daɗawa, irin goron nan mai ɓari biyu da ake tafiyar watanni dominsa, shi ne manoman ƙasar Yarabawa suka rungumi dasawa tun farkon ƙarni na ashirin, a wajajen Agege da Shagamu, har ya zama yau motoci ke sauke shi a Mariri. Goron da madugu kan kai wa sarki gaisuwa da shi, shi ne a faifan Baba, ana ba yaro da canjin cefane. Labujen kansa ma ɗan gidansu ne, ƙasa da ruwa da hannu ne suka bambanta su.

Ba mu ce duk goro ɗaya ne ba, wanda ya faɗi haka bai taɓa cin sabon goro mai ruwa-ruwa ya kuma ci daushe ba. Ba mu kuma ce babu labuje na gaskiya ba, yana nan a garinsu, Allah Ya ba masu rabo. Abokan namu uku, biyu har yanzu suna nema, ba ma yi musu wa'azi, in sun samo sun ɗanɗana mana mukan karɓa mu gode. Mu dai mun dawo bi ta gaban masallaci. In an miƙo mana goro a wurin suna, nan take muke ɓarawa mu miƙa wa na kusa ɓari. In baƙo ya kwana a gidanmu kuwa, mafi kyawun abin da ke ɗaka shi ake fito masa da shi tun daren farko, wannan mai ɗakinmu ma ta san ba sai an faɗa ba.

Labarin nan namu har yanzu yana cikin akwati, mun sāke fara tarin kuɗinsa. Baba ya tsufa ƙwarai, jikansa ne ke ɗauko masa faifai da safe ya mayar da yamma, amma zaɓe bai bar wa kowa ba. Shekaranjiya da muka tsaya ya ɗaga algarara ya laluba, ya ba mu ja biyu da fari ɗaya, ya ce mu fara cin farin, ba zai kai jibi ba.