Daren da muka ɗauki jitar Kawu a zauren kakanmu

Masu karatu, duk wanda ya saba bibiyar wannan shafi ya san aikina bai wuce in je lokeshin, in tare jarumi da tambayoyi, in kwaso maku tsegumin industiri ba. To yau sai ku yi mani haƙuri, labarin gidanmu zan ba ku. Amma kada ku damu, bai fita daga harkar fim ba.

Ina da wani aboki ɗan Kiru da muka yi diploma tare. Tun muna makaranta ba shi da zance sai na darakta, har muka laƙaba masa sunan tun bai taɓa riƙe kyamara ba. A 2024 ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da abin da ya samu a noman rani, ya ce shi fa fim zai yi. Labarin wasu masunta ne guda biyu da ke neman yarinya ɗaya, kuma kusan duk an ɗauke shi a bakin madatsar ruwa ta Tiga, nan ƙaramar hukumarmu ta Bebeji. Wanda ya san Tiga ya san abin da nake nufi. Ruwa ne iya ganinka, wanda aka tare tun 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ga duwatsu, ga hazo da sassafe. Akwai wata fitowa a fim ɗin inda kwale-kwale biyu ke tsere da asuba. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Kiɗan da za a ɗora a kai ne ya hana abokina barci.

Ya ce mani shi ba ya son fiyano a wannan wuri. Na ce masa, "Kai Darakta, fiyanon da ya raini industiri gaba ɗaya?" Ai kowa ya sani, tun da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 ya girgiza kasuwa, kiɗan Yamaha ya zama shi ne muryar finafinanmu. Ni da shi a cikinsa muka buɗe ido. Sai ya ciro waya ya kunna mani wani kiɗa, wanda aka buɗe fim ɗin Amurka mai suna Pulp Fiction da shi a 1994. Jita ce, ana kaɗa ta da sauri kamar ruwan sama a kan kwano, kuma kowane sauti sai ka ji kamar yana ɗiga a cikin rijiya. Ya ce, "Wannan nake so. Kiɗan da ke da ruwa a jikinsa."

Da na koma gida na bi diddigin abin. Sunan kiɗan Misirlou, wanda ya kaɗa shi kuma Dick Dale ne, a 1962. Salon ya taso ne a Kalifoniya a tsakanin samarin da ke wasan hawan igiyar teku da allo, shi ya sa ake kiran sa kiɗan masu hawan igiyar ruwa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, mahaifin Dick Dale asalinsa ɗan Labanan ne, irin Kwarorin nan da muka sani a Kano, kuma shi kansa kiɗan tsohon take ne na ƙasashen gabashin Bahar Rum. Ashe shi ya sa kunnena bai ji shi baƙo ba. Shi kuwa ɗigar nan, wani akwati ne kamfanin Fender ya fitar a 1961 mai ɗauke da sifirin a ciki. Sauti ya shiga ta wannan kai, ya girgiza sifirin ɗin, a karɓe shi ta wancan kai yana jan wutsiya. 'Yan sutudiyo eko suke ce masa. Dick Dale ya rasu a 2019.

To, sanin tarihi daban, samun mai kaɗawa daban. A nan ne na tuna da Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, yana zaune a Tudun Wada, gyaran rediyo da amfilifaya yake yi a bakin titi. Dattijo ne mai furfura, ba ya rasa sahun gaba a masallacin unguwarsu. Amma mu 'yan gida mun san akwai wani abu a ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin tsohon bargo, wanda ba a zancensa. A Riruwai ya tashi, can cikin duwatsun Doguwa, lokacin da haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina a shekarun 1970. A wurin wasu ma'aikata baƙi ya koyi jita. Daga baya ya shigo Kano ya yi shekaru yana kaɗa ta a wata ƙungiyar makaɗa ta otal. Da ya tashi aure, iyayen yarinya suka ce ba za su ba ɗan kiɗa ba. Ya naɗe jitar. Yau shekara talatin da wani abu.

Da na gaya wa Umma abin da nake shirin yi, sai ta ce, "Kai dai ba ka da ta-ido. Mutum ya rufa wa kansa asiri, za ka je ka tono?" Duk da haka na je. Na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa hira, sannan na kunna masa kiɗan a waya ban ce komai ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce in maimaita. A karo na biyu na lura yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa. Can ya ce, "Ɗana, wannan ai a tsirkiya ɗaya yake yawancin aikin. Ba wuya gare shi ba, hannu yake ci." Sai ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna mani. Yana rawa. Ya ce tun bara abin ya fara, likita ya ce a yi ta haƙuri. "In za ku yi, ku yi da wuri. Kuma sharaɗi biyu: ba kiɗan wani zan kwaikwaya ba, nawa zan yi. Sannan kada sunana ya fito."

Mun fara da abin da kowa zai fara da shi. Muka ɗauke shi zuwa wani sutudiyo a Kano, muka biya kuɗin awa uku. Yaron da ke kan kwamfuta ya iya aikinsa, amma bai taɓa ɗaukar jita ba. Ya soka wayarta kai-tsaye cikin na'ura, ya zuba mata eko na kwamfuta. Da aka kunna, wallahi kamar sauro ya shiga gwangwani. Ga Kawu a takure, samari sun cika ɗaki suna leƙe, wani har yana ɗaukar sa a waya. Hannun ya ƙara rawa. Muka fito babu abin da muka samu, kuɗin Darakta sun tafi. A mota babu wanda ya yi magana har Kwanar Dangora. A nan ne Kawu ya ce, "Jita ba ta magana sai ta bi ta lasifika ta sha iska. Ku nemo makirfo, ni ina da amfilifaya."

Ashe shekara da shekaru yana ajiye da wata tsohuwar amfilifaya da wani ya kawo gyara bai dawo ba, kuma a gindinta akwai ɗan akwatin sifirin irin wanda na karanta labarinsa. Ya buɗe ya nuna mani, ya ɗan ƙwanƙwasa gefenta, sai ta yi wata ƙara kamar an jefa dutse a rijiya. Darakta ya yi tsalle. Muka aro makirfo ɗaya, da ɗan akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, da laftof, muka sayo sababbin tsirkiyoyi masu kauri, domin Kawu ya ce sirara ba sa jure duka kuma muryarsu ba ta da jiki.

Gwaji na biyu a ɗakina muka yi, a Bebeji. Nan ma muka sha kashi, amma a nan muka yi karatu. Da farko wani gurnani ne ya cika iyafis tun ba a taɓa jitar ba. Kawu ya ce wutar lantarki ce, wadda ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa, maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya kuma yana kwasar ta. Muka zare cajar laftof, gurnanin ya ragu. Muka kashe ƙwan ɗaki da fanka, muka fitar da wayoyinmu waje, ya ƙara raguwa. Kawu ya riƙa juyawa a kan kujera a hankali har ya sami fuskar da ƙarar ta kusa ɓacewa, ya ce in sa alama a ƙasa da alli. Muna cikin murna aka ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareta. Da aka dawo da ita kuma sai muka gane babbar matsalar: ɗakin kansa. Bulo ne da siminti, rufin kwano babu silin. Duk abin da Kawu ya kaɗa sai bango ya wurgo shi da kaifi, kwano ya ƙara masa ƙara. Muka rataya barguna, muka jingina katifa, ya yi dama-dama, amma sautin ya mutu murus.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "Akwai ɗakin da na sani."

Zauren gidan kakanmu yake nufi, a Riruwai, inda ya fara koyon jitar a ɓoye. Washegari muka kama hanya, muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka shiga Doguwa muka hau duwatsu. Zauren na nan yadda na san shi ina yaro: ginin ƙasa mai kauri, rufin soro mai bakan gizo, daɓen ƙasa. Kawu ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya. Ƙarar ta tashi sama, ta ɗan yi jim, ta sauko a hankali babu kaifi. Daga baya na fahimci dalili. Bangon ƙasa ba sumul yake ba, yana shanye kaifin sauti yana watsa sauran, ga rufin da tsawo. Magina sun yi mana sutudiyo tun kafin a haifi iyayenmu.

Wuta kuwa, batirin sola da inbata muka aro a wurin mai cajin waya. Muka jira har bayan sallar isha'i, yara suka kwanta, awaki suka yi shiru. Muka ɗora amfilifaya a kan turmi da aka kife don kada ƙasa ta riƙa amsawa. Aikina shi ne makirfo. Da na saita shi daidai tsakiyar lasifika, sautin ya yi tsini yana soke kunne. Da na matsar da shi gefe, ya yi taushi. Da na manna shi sosai, ya yi nauyi kamar mai mura. Da na ja shi baya kamar taƙi ɗaya, sai zauren ya shigo cikin kiɗan. A nan muka tsaya. Darakta na kan laftof, umarni ɗaya Kawu ya ba shi: kada ya bari alamar ta taɓa ja, domin sautin da ya fashe ba ya ɗinkuwa. Eko kuwa, Darakta ya so a murɗe shi har ƙarshe. Kawu ya ce a'a, gishiri ne, in ya yi yawa ba a jin miya.

Sau shida yana farawa hannun yana ƙwace masa. A na shida ya ajiye jitar, ya ce mu yi haƙuri, abin ya wuce shi. Ni kuwa sai na ji kunya ta rufe ni, na tuna maganar Umma. Na ce, "Kawu, a bar shi haka, Allah Ya saka da alheri." Darakta bai ce komai ba, amma na san yana lissafin babur ɗinsa. Aka kawo shayi. Kawu ya sha, ya dubi rufin, ya ba mu labarin yadda kakanmu ya taɓa kama shi a nan da jitar aro, ya bi shi da sanda har bakin rafi. Muka yi dariya. Yana cikin dariyar ya jawo jitar, ya kai hannu can kusa da gindin tsirkiya inda sautin ya fi ƙarfi, ya fara. Allah Ya sa Darakta bai kashe na'ura ba.

Minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Ba Misirlou ba ne. Saurinsa ne da ɗigarsa, amma taken na nan gida ne, wani wuri ka ji kamar garaya, wani wuri kamar kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos. Rawar hannun ma da muke tsoro, sai ta shige cikin saurin kaɗawar har ba ka bambance su. Da ya gama babu wanda ya motsa sai da wutsiyar sautin ta ƙare a cikin rufin.

Na san wani zai ce duk wannan wahala a kan minti uku? To ku tuna da Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya yi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo a katin waya kafin duniya ta san shi. Mu a nan kullum muna ƙorafi a majalisa cewa kiɗan finafinanmu duk iri ɗaya ne. Ba na raina fiyano, ya yi mana rana. Amma a ƙauyukanmu akwai masu garaya da gurmi da kukuma da sarewa, har da masu jita a ƙarƙashin gado, da yawansu sun tsufa, kuma ba wanda ya taɓa kai masu makirfo. Abin da muka kashe a Riruwai, har da kuɗin mota, bai kai na awa ukun nan na Kano ba. Furodusoshi da daraktoci matasa, don Allah a duba wannan.

Fim ɗin Darakta dai har yanzu yana wurin tacewa, kuɗi sun yanke, babur kuma bai dawo ba. Ku sa shi a addu'a. Amma fitowar tseren kwale-kwalen an gama ta, na kuma kai wa Kawu a waya har shagonsa. Ya sa iyafis ya kalla sau biyu, ya miƙo mani, ya ce a minti na biyu akwai inda yatsansa ya zame. Na ce babu wanda zai lura. Ya ce shi ya lura. Hannun yanzu ya ƙara tsanani, ko sukundireba sai yaronsa ya riƙe masa, jitar kuma ta koma cikin bargonta.

Umma ma ta kalla. Ba ta ce komai ba, sai dai ta sa na tura mata a wayarta. In Allah Ya sa fim ɗin ya fito, ku tsaya har ƙarshen sunaye. Za ku ga an rubuta: Kiɗan jita, wani bawan Allah.