Neman Gazawa a Cikin Birnin Littattafai

Babban ɗakin karatu na jami'a birni ne, kuma kowane birni da irin tsarinsa. Yana da ƙofofi da unguwanni da lunguna, yana da masu unguwa waɗanda suka san mazaunin kowane gida. Wanda ya shige shi bai san tsarin ba, sai ya wuni yana zagaye, ya fito hannu rabbana, alhali abin da ya zo nema yana nan taku goma daga inda ya tsaya. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. To, mu da muka tashi a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, baƙuntarmu a wannan birni ninki biyu ce. Da yawa daga cikin ɗalibanmu sukan gama makarantar sakandare ba su taɓa neman littafi ta hanyar lambarsa ba. Bayan wannan kuma, ƙasarmu tana cikin birnin, amma an rubuta ta da sunayen da ba haka muke faɗinsu ba, an kuma raba ta gida-gida bisa iyakar da ba kakanninmu suka shata ba.

Ni malamin tarihi ne, kuma abin da ya fara kai ni manyan ɗakunan karatu tambayar yara ce. Duk shekara, in mun gama darasin daulolin Mali da Sanwai da Barno, sai an sami yaron da zai ɗaga hannu ya ce: “Malam, mu fa? Ba abin da ya faru a garinmu ne?” Neman amsar da za ta gamsar da su shi ya kai ni Yamai, daga baya ya kai ni Zariya, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Abin da na koyo a waɗannan tafiye-tafiye shi nake so in shimfiɗa wa ƴan'uwana malamai, domin yaran da muke turawa jami'a su shiga da idonsu buɗe.

Mabuɗin farko shi ne lambar da ke maƙale a ƙashin bayan littafi. Ita ce adireshinsa. Ba a jera littattafai bisa girma ko launi ko ranar zuwansu, ana jera su ne bisa fannin ilimi, yadda kasuwa ke da layin ƴan hatsi da layin ƴan koli. Tsari biyu suka fi yaɗuwa. Akwai wanda Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, wanda ya kasa ilimi kashi goma da lambobi zalla. A cikinsa tarihin Nijar yana kan 966.26, na Najeriya kan 966.9, harshen Hausa kuma kan 493.72. Akwai kuma tsarin ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, mai haɗa haruffa da lambobi, wanda akasarin jami'o'in Najeriya ke bi. A nan DT shi ne tarihin Afirka: DT515 Najeriya, DT547 Nijar. Harshen Hausa da adabinsa suna farawa daga PL8231, addinin Musulunci yana ƙarƙashin BP, noma yana ƙarƙashin S. Wanda ya haddace waɗannan ƴan lambobi ya sami taswirar unguwarsu, ko a wace ƙasa ya shiga ɗakin karatu mai bin ɗayan tsarin nan biyu.

Amma a lura da abin da lambobin ke faɗi. Tarihin Katsina yana DT515, tarihin Maraɗi yana DT547, kuma tsakaninsu akwai kantoci cike da littattafan wasu ƙasashe. Alhali kowa a nan ya san Maraɗi reshen Katsina ce: sarakunan da jihadi ya fitar daga birnin Katsina a farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa mulki a can, har yau kuma sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Haka Tsibiri, da ke gundumar Gidan Rumji, inda Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwata bayan yaƙin Gawakuke na 1836, alhali tsohon birninsu Alkalawa yana cikin Najeriya ta yau. Saboda haka mai neman tarihinmu dole ya riƙa kai-da-kawo tsakanin kanta biyu. Littafin Yusufu Bala Usman kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, a layin Najeriya yake, amma ba yadda za a fahimci asalin Maraɗi da Tasawa da Gazawa ba tare da shi ba.

Mabuɗi na biyu sunaye ne. Kundin sunayen littattafai, na kati ne ko na kwamfuta, ba ya jin lafazi, haruffa kawai yake gani. Garin da muke kira Gazawa, Bafaranshe ya rubuta shi Gazaoua. Tasawa ta zama Tessaoua, Cadawa ta zama Tchadoua, Tsibiri ta zama Tibiri, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. Gobir takan fito a matsayin Gober a tsofaffin littattafai. Mu kanmu Haoussa ne a Faransanci, Haussa a tsohon Jamusanci, Hausa a Ingilishi. Kowane rubutu ƙofa ce daban, kuma wanda ya ƙwanƙwasa ɗaya kaɗai zai koma gida yana cewa ba a rubuta kome a kan garinsu ba. Tun daga lokacin nake yawo da takarda ɗaya a aljihu, wadda na jera sunan kowane gari da duk siffofin da na taɓa gani an rubuta shi.

Su ma iyakokin mulki suna ɓoye gari. A 2011 ne Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta, kafin nan tana ƙarƙashin Agye. Ita kuma Agye a 1972 aka cire ta daga Tasawa. Ke nan rahoton ƙidayar jama'a ko na damina da aka rubuta a shekarun 1990 zai sa Gazawa a babin Agye, wanda aka rubuta a zamanin mulkin mallaka kuma a babin Tasawa za a same ta. Mai bincike sai ya fara tambayar kansa: a shekarar da nake nema, wa ke riƙe da wannan ƙasa a kan takarda?

Mabuɗi na uku yana can ƙarshen littafi. Da wuya ƙaramin gari ya sami littafi sukutum mai ɗauke da sunansa a bango. Yana ɓoye ne a cikin manyan littattafai, kuma fihirisar da ke shafukan ƙarshe ita ke tona shi. Ta wannan hanya na iske Gazawa a cikin labarin tafiyar Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratso ta Tasawa ya yada zango a Gazawa a watan Janairu na 1851, kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ya bayyana ta a matsayin gari mai kafi, a bakin iyaka tsakanin ƙawancen Maraɗi da Gobir da kuma Katsina ta daular Sakkwato, ga daji mai hatsari a kudancinta. Ranar da na karanta wa ɗalibaina ma'anar waɗannan shafuka da Hausa, ajin ya yi tsit. Garin da suke ganin ba kome ba ne sai tashar mota a kan babbar hanya, ashe ƙofar ƙasa ne a wani zamani.

Kusa da fihirisa akwai jerin manazarta, kuma shi ne sawun da ake bi. Kowane marubuci na kirki yakan faɗi inda ya samo ruwansa. Daga littafi ɗaya sai ka ji labarin maƙalar M. G. Smith ta 1967 kan Maraɗi a zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga 1854 zuwa 1875. Daga can ka faɗa kan takardun tawagar Kyaftin Tilho, wadda ta shata iyakar Faransa da Ingila tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi daga 1906 zuwa 1909, inda tafintanta Landeroin ya tattara jerin sarakunan Maraɗi da Gobir daga bakin dattawa. Daga nan ka isa ga aikin Guy Nicolas na 1975 kan al'ummar kwarin Maraɗi, da na Emmanuel Grégoire na 1986 kan alhazan birnin. Abin lura shi ne, mutanen da suka ja layin da ya raba tarihinmu kanta biyu, su ne kuma suka adana mana wani yanki nasa. Sai a karanta su da godiya da kuma taka-tsantsan, domin abin da dattijo ya faɗa wa tafintan soja ba lalle ne ya zama duk abin da ya sani ba.

Ba duka dukiyar birnin ke zube a fili ba. Kundayen digiri, da tsofaffin mujallu, da taswirori, da rubuce-rubucen hannu suna da ɗakunansu, kuma galibi ba a fita da su, sai dai a cika takarda a zauna a karanta. A nan ne ma'aikacin ɗakin karatu ke zama jagora. Wani dattijo daga cikinsu, da na gaishe shi na faɗa masa daga inda na fito da abin da nake nema, sai ya ce: “Malam, kada ka ce mini kana son tarihi. Faɗa mini gari, da shekaru, da harshen da kake iya karantawa.” Wannan nasiha ta fi mini taswira. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iya tambaya. Daga bakin irin waɗannan mutane ne mutum ke sanin cewa a Zariya akwai taskar rubuce-rubucen Larabci da ajami ta shirin binciken tarihin Arewa, a Kaduna akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun gwamnati, a Yamai kuma cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana riƙe da dubban rubuce-rubucen hannu, waɗanda marigayi Boubou Hama ya aza harsashin tara su. Harshe huɗu ke nan ake buƙata: Faransanci, Ingilishi, Larabci da Hausa a boko da ajami. Ba kowa ke da su duka ba, shi ya sa malamin boko da malamin zaure suke bukatar juna a wannan aiki.

Yau intanet ta rage nisa. Da wayar hannu malami a Gangara ko Cadakori zai iya buɗe rumbunan Faransa irin su Gallica da Persée, ya karanta tsofaffin littattafai da mujallu kyauta. Birnin Maraɗi ma yana da jami'arsa ta Dan Dicko Dankoulodo, ba sai an je Yamai ba kafin a ga ɗakin karatu na jami'a. Sai dai ƙa'idar ba ta sake ba. Na'ura ma sunan da aka ba ta take nema, kuma wanda bai san Tessaoua ita ce Tasawa ba, zai ɓace a cikin waya kamar yadda zai ɓace tsakanin kantoci.

Akwai kuma abin da duk gwanintar nema ba ta samo shi, wato abin da ba a taɓa ajiyewa ba. Manoman ƙasar Agye, musamman na wajen Ɗan Saga, sun yi suna a duniya saboda sassaben zamani, dabarar barin tsiron kututture ya girma a gona maimakon a sare shi. An yi rahotanni da maƙaloli masu yawa a kai da Faransanci da Ingilishi. Amma yadda manomi da kansa ke bayyana wane tsiro ake bari, wane ake cirewa, da yadda ake sasanta rikicin wanda ya sari iccen wani, wannan ilimi yana bakin mutane ne, da Hausa. Haka kirarin sarakunan Tsibiri, da tarihin rijiyoyi da tsofaffin kasuwanni, da takardun ajami da ke cikin gafakar malamanmu suna jiran gara. Birnin littattafai ba ya zuwa ƙauye ya ɗauki kaya da kansa. Abin da aka kai masa shi yake ba lamba, abin da ya sami lamba kuma shi jikokinmu za su iske.

Saboda haka kirana ga malamai mai sauƙi ne. Ko littafi hamsin kawai makaranta ke da shi a cikin akwati, a sa yara su kasa su fanni-fanni, su ba kowane lamba, su rubuta katinsa da sunan marubuci da shekarar bugu. A koya musu buɗe fihirisa kafin su fara karanta shafin farko. A rataye a bangon aji jadawalin sunayen garuruwanmu da Hausa da Faransanci da ajami. Yaron da ya yi wannan yana ɗan shekara goma sha uku ba zai firgita ba ranar da ya tsaya gaban dubban kantoci.

Ga ƙungiyoyin raya al'adu kuma, aikinku ya wuce shirya biki. A ɗauki maganar dattawa, a rubuta ta, a sa sunan gari da ranar da aka yi hirar. A ɗauki hoton takardun ajami da izinin masu su. Sannan a yi kwafi fiye da ɗaya: guda ya zauna a gari, guda ya tafi jami'ar Maraɗi, guda Yamai, in hali ya yi guda ya tsallaka Katsina ko Zariya, tun da tarihin bai san iyaka ba. A kan bangon kowane kundi a rubuta sunan garin da duk siffofinsa, domin mai nema ya same shi ta kowace ƙofa ya shigo. Allah ya ba mu ikon yi, ya sa na baya su same mu a inda suka neme mu.