Hana Kaza Tsallake Danga a Ƙasar Rano da Kibiya

Kazar Hausa ba ta da nauyi. Da wuya babbarta ta wuce kilo ɗaya da rabi, shi ya sa dangar da ta tsaya iya ƙirjin mutum ba ta tsare ta. Asalinta kazar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, wadda a kan bishiya take kwana, kuma har yau da magariba ta kawo jiki sai ta nemi wuri mai bisa. A garuruwa da ƙauyukan Rano da Kibiya, inda gidaje da yawa ke kiwon kaji, galibi kuma na mata ne, tsallake danga tsohuwar matsala ce, kuma tsofaffin da suka daɗe a kiwo sun san kanta.

Abin da suke fara tambaya shi ne me ya fitar da ita. Yunwa ce kan gaba. Kazar da aka watsa wa tsaki ko dusa da sassafe, aka ajiye mata ruwa a kasko cikin inuwa, ba ta cika damuwa da abin da ke bayan gida ba. Wasu har gara suke tara wa kajinsu: a cusa kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri, washegari a zazzage musu. Hatsin yamma kuwa ya fi na safe amfani wajen horo, domin kazar da ta saba da kira a lokaci guda ko ta fita za ta dawo kafin duhu.

Sai neman wurin ƙwai. Kazar da ta fara kyarkyara tana leƙe-leƙe ɓoyayyen lungu take so, in ba ta samu a gida ba sai ta haura ta yi a gindin rumbun maƙwabta, inda muzuru ko gafiya za su riga mai ita. Fasasshiyar randa da ɗan ciyayi a kusurwa mai duhu ta wadatar. Akwai kuma wadda zakaru suka matsa wa, da wadda ƙuma ta kora daga akurki. Maganin ta farko rage zakaru, na ta biyu share akurki da zuba toka.

Lokacin da fitar ta fi zama fitina sananne ne: farkon damina da iri ke ƙasa, da kaka da ake shanyar hatsi da barkono. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a kudancin Kano, don haka ko da rani akwai yabanyar lambu da kaza za ta iya tonewa. Ƙaramar ɓarna ce a ido, amma takan kai maƙwabta gaban mai unguwa, kuma zumuncin shekaru bai kamata ya lalace a kan kaza ba.

Game da dangar kanta, akwai abin da mai lura kaɗai ke gani. Kaza ba kasafai take wuce shinge da tashi ɗaya ba. Sai ta ƙyalla ido ta ga inda za ta dira a sama, ta hau, ta tsaya, sannan ta faɗa waje. Wannan ne ya sa katangar ƙasa, duk da ƙarfinta, ta fi darnin kara sauƙin haurawa, domin kanta da faɗi. Darnin da aka bar kan kararensa a tsaye, wani ya ɗara wani, ba ya ba ƙafarta masauki. Mai katanga sai ya jera ƙaya a kai, ko ya ɗora ragar waya sako-sako wadda ke lanƙwasa in an taka. Tsayin da ya kusa mita biyu ya isa ga yawancin kaji. Sannan a janye duk abin da zai zama matakala: turmi, tarin itacen girki, buhu, da reshen darbejiya da ya sunkuyo. A duba gindi ma, domin gara na cin kara, kuma ta nan 'yan tsaki ke sulalewa zuwa bakin shirwa. Bayan an yanke dawa, da sabon kara ya samu, shi ne lokacin gyara.

Idan duk wannan bai tsare ta ba, sai a koma ga fiffike. Dogayen gashin bakin fiffike guda goma ne, su ke ɗaga ta sama. Ana buɗe fiffiken a rage kusan rabin tsawonsu da almakashi mai kaifi, a gefe ɗaya kawai, domin in ta yunƙura sai ta karkace ta sauko. In an rage duka biyun daidai, mai ƙarfi takan iya haurawa. Gashin da ya gama girma ba shi da jini, yanke shi ba ya mata ciwo, kamar yanke farce ne. Amma sabon gashi mai baƙin gindi yana ɗauke da jini, ba a taɓa shi. Figewa da wasu ke yi kuskure ne: tana cutar da kazar, kuma gashin da aka tumɓuke yakan sake tsirowa cikin 'yan makonni, alhali wanda aka yanke yana nan har sai ta zubar da gashi. Da dare aka fi yin aikin, lokacin da take kwance ba sai an bi ta da gudu ba. Sai dai kazar da aka rage wa fiffike ta rasa hanyar tsira daga kare da muzuru, saboda haka wajibi ne mai ita ya tanadi akurki mai murfi, da sandar hawa ƙasa-ƙasa a ciki.

Zabi sun fi gaban danga, sai dai a sa wa kaza ƙwansu ta ƙyanƙyashe, su taso suna binta su saba da gida. Kajin zamani irin su Shika Brown, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, sun fi kazar Hausa nauyi da natsuwa, amma suna bukatar abinci da kulawa fiye da ita.

Tsare kaji yana da wata fa'ida da ta shafi lafiya. Annobar da ke share kaji da hunturu daga kaza zuwa kaza take bi, haka ma murar tsuntsaye da ta ɓulla a Najeriya a 2006. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin allurar rigakafin annobar ta hunturu, kuma ma'aikatan dabbobi ne ya kamata a nema don ita. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuwa ana ware ta kamar mako biyu a ƙarƙashin kwando ko a akurkinta daban. In tana ɗauke da ciwo zai bayyana kafin ta gauraya da sauran, kuma a cikin kwanakin nan ne take gane inda ake ba ta abinci da inda za ta kwana.