SAUKA DA DARIYA, HAWA DA KUKA: ABIN DA NA GANI A GAƁAR GULBIN ZAMFARA

A wannan fitowar ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, duk da na san shi kuka saba gani daga alƙalamina. Tafiya na yi zuwa Gummi bikin ɗiyar Goggona, na kuma dawo da wani labari da na daɗe ina jin kunyar bayarwa, saboda wautar da ke cikinsa tawa ce. Amma da na tuna cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai na ce bari in daure in faɗa muku.

Da sanyin safiya muka tashi daga Gusau, muka bi ta Bunguɗu da Maru, a Mayanci muka bar hanyar Sakkwato muka karya zuwa Anka. Duk wanda ya san yankin nan ya san hanyar ba ta dare ba ce saboda ƴan bindiga, don haka direbanmu bai yarda da tsaye-tsaye ba, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a. A Anka ne kaɗai muka ɗan tsaya, garin Sarkin Zamfara, tsohon gari mai tarihi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini hoce, muka shiga hira. Ita ce ta tuna mini da gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da Ƴargalma, inda ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje, har yara fiye da 400 suka rasu. Ta ce, "Ɗiyata, ƙasag ga tamu akwai albarka, amma abin da ka ƙyalli cikinta sai an yi hattara da shi." Na gyaɗa kai kawai, ban san da ni take ba.

Daga nan muka wuce Nasarawar Burƙullu cikin ƙasar Bukkuyum, muka bi ta Ɗaki Takwas, kafin azahar sai ga mu a Gummi, garin Sarkin Mafara. Gari ne na noma da fadama da kifi, kuma duk wannan arziki gulbi ne ya kawo shi. Gulbin Zamfara daga gabas yake fitowa, ya bi ta ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ya shiga jihar Kabi ya haɗe da Gulbin Sakkwato, su tafi tare har Kwara. Da rani yakan janye ya bar yashi shimfiɗe da ƴan tafkuna nan da can, da damina kuwa ya cika ya batse har ya hau gonaki. Lokacin da na je farkon damina ne, an yi ruwan shuka amma gulbi bai kawo ba tukuna.

Kashegarin wuni, gida ya cika da baƙi, kowa na ta kansa, sai taubashiyata, wato ƙanwar amarya, ta ja ni gefe. Ta ce, "Ke da kike rubuta littattafai kina ta kwatanta wuraren shaƙatawa na ƙarya, zo in kai ki na gaske. Akwai wani wuri ƙarƙashin gaɓa, yashi fari fat, babu mai zuwa, mu yi hotuna son ranmu."

Na ce, "Mu faɗa wa Goggo?"

Ta harare ni. "In kin faɗa ai tafiya ta fasu. Cewa za mu yi za mu wajen mai kitso."

Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma ita ce ta kusa cin ranmu. Mu huɗu muka fita: ni, da ita, da wata ƙawarta, da autar gidan, yarinya ƴar shekara tara da ta maƙale mana da kuka har muka tafi da ita don kada ta tona mu.

Akwai mashaya sananniya inda mutane ke sauka, mata na wanki, masu kwalekwale na jiran masu hayewa. Can ƙasar a kwance take, ko tsohuwa za ta sauka ba tare da sanda ba. Amma mu ba ita muka bi ba, tunda gudun idon mutane muke yi. Muka ratsa ta cikin gonaki muka yi tafiya mai ɗan nisa, har muka daina jin hayaniyar mashayar. Can sai ga mu a bakin gaɓa. Da na leƙa sai da gabana ya faɗi, domin tsayinta ya kai a ɗora mutum huɗu a tsaye, kuma a miƙe take kamar an yanka da wuƙa. Wata ƴar siririyar hanya ce ta gangara a karkace, irin wadda awaki ke bi, ga ƙaidaji da geza ta kowane gefe.

Na ce, "Anya kuwa?"

Suka kwashe da dariya. "Ƴar birni ta ji tsoro!"

Kun dai san halinmu mata da gudun gori. Na tuɓe takalmina mai tsini na ajiye a sama, su ma suka ajiye nasu, muka tattare zannuwa. Rabin hanya da ƙafa muka yi shi, sauran rabin kuwa da zama muka sulale, ƙasa na bin mu, muna ta shewa. Ko minti biyar ba mu yi ba muka dira. Babu wadda a cikinmu ta waiwaya ta tambayi kanta ta yaya za a hau.

Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. A gindin gaɓar akwai wani ɗan siririn ruwa da bai wuce idon sawu ba, muka tsallake shi muka hau yashi mai laushi da sanyi, shimfiɗe kamar darduma. Can gaba ga babban ruwan yana tafiya a hankali, balbelu na kiwo a bakinsa, hayin gulbi kuma giginyu sun yi layi. Iska na kaɗawa, babu motsin kowa. Muka shimfiɗa gyale, muka ci cincin da dubulan ɗin biki, muka yi hotuna iri-iri, auta na gina ɗakuna da yashi. Ni har na fara tsara yadda zan kawo jarumar sabon littafina wurin ita da masoyinta.

Auta ce ta fara lura. Ta ce, "Yaya, ruwa ya cinye mini ɗakina." Muka yi dariya. Da na dubi ruwan sai na ga launinsa ya sake, ya koma ja kamar kunun kanwa, ga kumfa da karare da busassun itatuwa yana tafe da su. Na ɗaga kai sama, rana tas, ko ɗigon hadari babu. Na juya baya, sai na ga ɗan siririn ruwan nan da muka tsallake ya buɗe, yana gudu da ƙara.

Ai kuwa muka kwashi gyale muka zuba a guje. Ruwan da ɗazu yake idon sawu yanzu ya kusa gwiwa, yana fizgar ƙafa kamar da hannu. Na saɓi auta a baya, muka riƙe hannun juna muka haye da ƙyar, muka tsaya a ɗan tudun da ya rage a gindin gaɓa, wanda faɗinsa bai fi tabarma biyu ba.

A nan ne muka gane kurenmu. Hanyar da muka sauko mun riga mun goge ta da jikinmu, ta zama sumul. Ƙasar kuma ba dutse ba ce, yashi ne da laka, duk inda ka kafa ƙafa sai ya rufto. Daga ƙasa ne ma muka ga abin da ba a gani daga sama: ruwa ya ƙwaƙule cikin gaɓar, saman ya yi rumfa, saiwoyi na reto. Taubashiyata ta ce ita ta saba, ta kama saiwar geza ta fara hawa. Ta kai kusan rabi sai saiwar ta tumɓuke, ta faɗo tim, ƙasa ta biyo ta. Da muka ɗaga ta ƙafar dama ta ƙi takuwa, nan da nan idon sawun ya kumbura.

Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo, gaɓa ta tare. Muka haɗa baki muka yi ta kururuwa, ƙarar ruwa na haɗiye muryarmu. Wallahi a lokacin ne na fahimci abin da muka yi wa kanmu. Mun zaɓi wurin ne saboda babu mai ganinmu, ga shi yanzu babu mai jin mu. In ma an tashi nemanmu, gidan mai kitso za a je. Auta ta ƙanƙame ni tana cewa, "Yaya, mutuwa za mu yi?" Na kasa ba ta amsa, sai Innalillahi da nake ta maimaitawa, ruwa kuwa ya fara lasar yatsunmu.

Allah Mai yadda Ya so. Wani tsoho masunci ya biyo ta saman gaɓa zai je ya janye komarsa kafin ruwa ya tafi da ita, sai ya ci karo da takalma ƙafa huɗu a jere. Ya leƙo ya gan mu. Ya ɗaga murya ya ce, "Kada wadda ta ƙara taɓa gaɓag ga! Ku tsaya nan inda ku ke!" Ya ɓace. Jiran da muka yi bai fi na rabin awa ba, amma ni a wurina ya fi shekara. Can sai ga shi a kwalekwale shi da ɗansa, suna tuƙi da gora a gefen ruwa. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke mu, ya ce mu zauna a tsakiya kada wadda ta motsa.

Sai da muka kusa mashaya ya yi magana. "Ku ɗiyan wa na? Mi kunka zo nema nan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, hoto muka zo yi. Mun ga ba hadari."

Ya girgiza kai. "Ɗiyata, gulbi ba ya shawara da samanku. Ruwan ga can gabas anka yi shi daren jiya, yanzu ya iso. Mu da munka tsufa cikinai ba mu sauka ta nan. Tun ambaliya ta ci gaɓag ga, ko akuya ta bar bi."

Ambaliyar da yake nufi ita ce ta watan Agustan 2024, wadda ta rusa dubban gidaje a Gummi. Bayanta da ƴan makonni, ranar Asabar 14 ga Satumba 2024, wani kwalekwale cike da manoma masu hayewa zuwa gonakinsu ya kife kusa da garin, mutane sama da 40 suka salwanta. Waɗannan mutane ne da suka tashi a bakin ruwan, neman abinci ya fitar da su. Mu kuwa mene ne ya kai mu? Hoto.

Na zaci Goggo za ta yi mana faɗa har da duka, amma da aka shigo da taubashiyata a kan babur, jikinmu duk laka, sai ta zauna a bakin ƙofa ta yi shiru, hawaye na zuba. Can ta ce, "Da yanzu gidan biki ya koma gidan makoki, ina can ina aike gidan mai kitso." Wannan maganar ta fi mini bulala ciwo. Aka kira mai ɗori ya duba ƙafar, kashegari aka kai ta asibiti, Allah Ya taimaka targaɗe ne ba karaya ba. Amma kai amarya da budar kai duk a kwance ta yi su, ita da ta fi kowa ɗokin bikin.

To ƙannena, ga abin da na tsinta, ku ma ku riƙe. Duk inda za ku, ku faɗi gaskiyar wurin ga wani babba a gida, domin ranar da abu ya faru inda kuka ambata can za a nufa. In za ku bakin gulbi ku bi mashayar da mutane ke bi, ba banza aka zaɓe ta ba, kuma ku tambayi masunta da masu kwalekwale, su ne suka san halin ruwansu. Kada ku tsaya a kan leɓen gaɓa ko ku zauna a gindinta, saboda tana iya ruftawa ba sallama. In kun ga ruwa ya sake launi ko ya fara kawo kumfa da karare, ku fita nan take ko da rana ake ƙwallewa. Ruwa mai gudu ko iya gwiwa ne yana kayar da babban mutum, balle yarinya. Kafin ku sauka ko'ina kuma, ku fara duba ta inda za ku hau.

Sannan ga wadda ta fi damuna. Na san wasunku ba ƙawa ce za ta ja ku irin wannan wuri ba, saurayi ne zai ce ku je inda babu idon mutane ku sha iska. Ni da na sha rubuta irin wannan a littafi nake gaya muku, wurin da ba a ganinku, ba a kuma jin kukanku. Mai son ki da gaskiya zauren gidanku ya ishe shi.

Hotunan suna nan a wayata, sun yi kyau ƙwarai, amma har yau ban iya nuna wa kowa ba. Takalmina mai tsini kuwa ɗan tsohon nan ne ya kawo mana har gida da yamma, na rasa bakin yi masa godiya. Allah Ya saka musu da alheri shi da mahaifinsa, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya kawo zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya kuma tsare mana ku, amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.