Rikicewar Bugun Zuciya Da Haɗarin Da Ke Cikinta

Muna so mu ja hankalin 'yan'uwa Musulmi a kan wata cuta da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato rikicewar bugun zuciya.

Allah cikin hikimarSa Ya halicci zuciya da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. A wannan cuta ɗakunan sama sukan daina matsawa bisa ƙa'ida, sai makyarkyata kawai, bugu ya zo babu tsari. Daga nan jini yakan kwanta ya daskare, gudansa ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa ya toshe hanya, mutum ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Likitoci sun tabbatar cewa haɗarin wannan shanyewa ga mai cutar ya ninka na mai lafiya kamar sau biyar. Tsufa da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba suna cikin abubuwan da ke jawo ta.

Sau da yawa masu fama da faɗuwar gaba da haki da jiri sukan zo mana neman addu'a, suna zaton sammu ne ko taɓin aljannu. Addu'a makamin mumini ce, amma Shari'a ta umarce mu da neman magani. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kan bugun jijiya, mai tsari da maras tsari, cikin littafinsa Al-Ƙanun. Saboda haka kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa na minti ɗaya. In ya ji bugu yana tsallake-tsallake, ya je asibiti a auna zuciyarsa da na'ura, domin wasu ma ba sa jin alamar kome.

Wanda likita ya ɗora wa maganin hana daskarewar jini, kamar warfarin, kada ya bar shi saboda azumi, sai ya tambayi likita yadda zai gyara lokutan sha. Kada kuma ya yi ƙaho ba da izinin likita ba, gama jini zai iya ƙin tsayawa. Jiki amana ne, za a tambaye mu a kansa ranar Gobe Ƙiyama.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.